Yadda ake shirya hotuna kafin a baje su a shafukan intanet

A kowace rana ana ɗaukar ɗimbin hotuna da wayoyin salula a birane da ƙauyukan ƙasar Hausa, amma kaɗan ne daga cikinsu ke isa rumbunan hotuna na intanet a yanayin da za su amfani ɗalibi ko mai bincike nan da shekaru masu zuwa.

Yawancinsu dai kan bi ta hannu da yawa kafin su isa inda za a baje su. A kan hanya sukan dusashe, sukan kuma rabu da sunan wanda ya ɗauke su, da wurin da aka ɗauka, da ranar.

Ƙa'idar da manyan ɗakunan adana tarihi ke bi guda ce, kuma mai waya a ƙauye ma zai iya bin ta: a ajiye hoton asali yadda yake, a yi aiki a kan kwafinsa, sa'annan kada a saki hoto sai da bayaninsa.

Me ya shafi wuri irin Makoda?

Ƙaramar hukumar Makoda tana arewacin jihar Kano, maƙwabciyar Dambatta, kuma hedikwatarta na garin Koguna. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa tana da mutane sama da 220,000.

Yanki ne na gonaki da ƙauyuka kusa da juna, inda ake noma gero da dawa da wake da gyaɗa a ƙarƙashin itatuwan ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, kuma gona ba ta cika samun hutu ba sai dai a ciyar da ita da taki.

Wannan salon noma na kewayen Kano ya daɗe yana jan hankalin masana. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya fara nazarinsa tun shekarun 1960.

Shi da abokan aikinsa sun kwatanta hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekaru daban-daban domin gane yadda gonaki da itatuwa ke sauyawa. Abin da ya sa kwatancen ya yiwu shi ne kowane hoto an san wurinsa da shekararsa.

A yau matashin da ke Maitsidau ko Wailare ko Satame yana riƙe da kyamara a aljihunsa. Hoton huɗa, ko na jaki ɗauke da mangalar taki, ko na damman gero a bakin rumbu, shaida ce ta yadda ake rayuwa a wannan zamani, muddin an shirya shi yadda ya kamata.

Rumbunan da ake da su

Rumbun hotuna na intanet shafi ne da ake jera hotuna tare da bayanansu domin jama'a su gani, kuma iri-iri ne.

Akwai na kowa da kowa, kamar Flickr da Wikimedia Commons, waɗanda duka aka buɗe a shekarar 2004. Shi Wikimedia Commons shi ne rumbun da Wikipedia ta Hausa da ta sauran harsuna ke ɗaukar hotuna daga cikinsa, kuma fayilolin da ke ciki sun haura miliyan 100.

Tun shekarar 2014 ake gudanar da gasar Wiki Loves Africa, inda ake zaɓar maudu'i guda a nemi masu ɗaukar hoto su ɗora aikinsu. An fara ne da abinci, a shekarar 2017 aka ɗauki maudu'in mutane a bakin aiki.

Akwai kuma rumbunan cibiyoyi. A shekarar 2011 ɗakin adana tarihi na Birtaniya ya ɗora dubban hotunan Afirka na zamanin mulkin mallaka a Flickr, ciki har da na Nijeriya, ya kuma roƙi jama'a su taimaka wajen gane mutane da wuraren da ke cikinsu.

Wannan roƙo kansa darasi ne. Wasu daga cikin hotunan sun tsira fiye da shekaru ɗari, amma da yawa daga cikin mutanen da ke ciki ba a rubuta sunayensu ba.

Jami'ar Northwestern da ke Amurka ma ta ɗora hotunan E. H. Duckworth, tsohon editan mujallar Nigeria. A ɗakin karatun wannan jami'a ne kuma ake ajiye da tarin rubuce-rubucen Malam Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a shekarar 1962.

Mene ne hoton dijital?

Hoton dijital tarin ƙananan ɗigo ne da aka jera layi-layi. Kowane ɗigo yana da launi guda, wanda aka haɗa daga ja da kore da shuɗi.

A yawancin hotuna kowane ɗaya daga cikin launukan nan uku yana da matakai 256, daga duhu zuwa haske. Haɗuwarsu na ba da launuka sama da miliyan 16.

Idan aka ce kyamara tana da megafiksil 12, ana nufin hotonta yana da ɗigo miliyan 12, galibi 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye.

In da za a ajiye irin wannan hoto ba tare da an matse shi ba, zai cinye kimanin megabait 36. Wayoyi kan matse shi tun lokacin ɗauka, ya dawo 'yan megabait kaɗan.

Abubuwa biyu ne ke nan ya kamata a rarrabe: girman hoto, wato yawan ɗigonsa, da nauyinsa, wato wurin da yake ci a waya da kuma datar da mai kallo zai kashe kafin ya buɗe masa.

Mataki na farko: ajiye na asali

Fayil ɗin da ya fito daga kyamara shi ne uwa. Daga gare shi ake fitar da kowane kwafi, kuma idan ya ɓace babu wata dabara da za ta dawo da abin da aka rasa daga ƙaramin kwafi.

Don haka kafin a yi komai sai a kwafe shi zuwa kwamfuta ko katin memori, a sa shi a jakar da ba a taɓawa. Duk wani gyara a kan kwafi ake yin sa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tura hoto ta WhatsApp kamar yadda aka saba. Manhajar na rage girmansa, ta matse shi, ta kuma cire bayanan da kyamara ta rubuta a cikinsa.

A shekarar 2023 kamfanin ya ƙara zaɓin tura hoto da inganci mafi kyau, sai dai shi ma akwai matsewa a ciki. Hanyar da ke isar da fayil yadda yake ita ce a tura shi a matsayin takarda, ko ta imel, ko ta wayar kebul.

Haka kuma hoton da aka sauke daga Facebook ba shi ne na asali ba, domin shafin ya riga ya sarrafa shi. Ɗaukar hoton fuskar waya kuwa ya fi duka lalata shi.

Zaɓe da gyara

Wanda ya dawo daga kasuwar ƙauye da hotuna 200 ba zai ɗora su duka ba. Sai ya ware waɗanda suka fito sarai, ya fitar da masu kama da juna, ya bar waɗanda kowannensu ke nuna abin da ɗan'uwansa bai nuna ba.

Gyaran da aka yarda da shi shi ne wanda ke kusantar da hoto ga abin da ido ya gani: daidaita shi idan ya karkace, datse gefen da ba shi da amfani, da gyara haske da launi.

Hasken ƙasar Hausa yana da nasa matsaloli. Da tsakar rana inuwa kan yi baƙi ƙirin, musamman a ƙarƙashin hula ko malafa. Idan mutum na sanye da farar babbar riga, kyamara kan rage haske domin rigar, sai fuskar ta nutse cikin duhu.

Maganin wannan a lokacin gyara shi ne a ɗaga inuwa kaɗan, a sassauta wuraren da suka yi fari da yawa, maimakon a ƙara wa hoton haske baki ɗaya. Wurin da ya riga ya ƙone fat, babu abin da za a iya fitarwa daga cikinsa.

Lokacin hunturu kuma hazo kan sa hoto ya yi fari-fari kamar an yayyafa masa toka. Ana iya ƙara masa kaifi kaɗan, amma idan aka share hazon gaba ɗaya an share shaidar lokacin da aka ɗauke shi.

Abin da ba a yarda da shi ba a hoton tarihi ko na labari shi ne cire mutum ko ƙara shi, ko sauya sararin sama, ko haskaka fatar mutum da manhajojin kwalliya.

A gasar World Press Photo ta shekarar 2015, an soke kashi 20 cikin 100 na ayyukan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda irin wannan gyara da ya wuce kima. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke iya cike hoto da abin da bai taɓa faruwa ba, riƙe fayil na asali ne hujjar mai hoto idan aka tuhume shi.

Akwai manhajojin kyauta da suka isa wannan aiki, kamar GIMP a kwamfuta da Snapseed a waya.

Batun launi

Launi guda kan fito daban-daban a fuskokin na'urori. Domin rage wannan saɓani ne kamfanonin HP da Microsoft suka fitar da ma'aunin launi da ake kira sRGB a shekarar 1996, kuma shi ne intanet ta ɗauka a matsayin na gama-gari.

Wasu manyan kyamarori da sabbin wayoyi na ɗaukar hoto da ma'auni mafi faɗi. Idan aka ɗora irin wannan hoto ba a mayar da shi sRGB ba, zai iya fitowa a kwaile ko a dusashe a wasu na'urorin.

Wannan na da muhimmanci a duk inda launi ne labarin. Shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata a Kano, ko adon dawakai a hawan Sallah, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024, suna rasa ma'anarsu idan launin ya kauce.

Girma da nauyi

Fuskar kwamfuta da aka fi amfani da ita tana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato kimanin miliyan biyu. Hoto mai ɗigo miliyan 12 ya ninka abin da za ta iya nunawa kusan sau shida.

Ga mai shafin kansa, kamar makaranta ko ƙungiyar ci gaban gari, kwafi mai ɗigo 1,600 zuwa 2,000 a ɓangarensa mafi tsawo ya wadatar. Ƙananan hotunan da ake jerawa a shafin farko kuwa, ɗigo 300 zuwa 400 sun isa.

Lissafin a fili yake. Shafi mai hotuna 30, kowanne megabait huɗu, zai ci wa mai kallo megabait 120. Idan aka rage kowanne zuwa kilobait 400, shafin zai dawo megabait 12.

Ga mai karatu a ƙauye, wanda ke sayen data kaɗan-kaɗan kuma sabis ke ɗaukewa yana dawowa, wannan ne bambancin shafin da zai buɗe da wanda zai haƙura da shi.

Sai dai wannan shawara ba ta shafi Wikimedia Commons da Flickr ba. Su suna karɓar hoto da cikakken girmansa, su da kansu suke fitar da ƙananan kwafi gwargwadon na'urar mai kallo, don haka can ana ɗora mafi girman da ake da shi.

Rage girma abu ne mai sauƙi, amma ƙara shi ba ya haifar da abin da babu. Ƙaramin hoton da aka buɗa sai dai ya yi dishi-dishi.

Wane irin fayil?

JPEG shi ne nau'in da ya fi yaɗuwa, kuma an amince da ƙa'idarsa a shekarar 1992. Yana raba hoto gida-gida, kowane gida ɗigo takwas sau takwas, ya zubar da bayanan da ido bai cika lura da su ba.

Abin da ya zubar ba ya dawowa. Kuma duk lokacin da aka buɗe hoton aka gyara aka sake ajiye shi, za a iya ƙara yin wata asarar, shi ya sa hoton da ya zaga zauruka da yawa ake ganin murabba'ai sun fito a jikinsa.

Manhajoji da dama na ba da ma'aunin inganci daga 1 zuwa 100. Tsakanin 75 da 85 ne aka fi amfani da shi a shafukan intanet, domin nauyi na raguwa sosai ba tare da ido ya ga illa ba.

PNG, wanda ya fito a shekarar 1996, ba ya zubar da komai. Ya fi dacewa da taswira da zane da rubutu, amma yana yin nauyi idan aka sa masa hoton kyamara.

TIFF shi ne na ajiya, wanda ɗakunan tarihi ke amfani da shi a matsayin uwa. WebP kuma kamfanin Google ne ya fitar da shi a shekarar 2010, kuma yakan fi JPEG sauƙin nauyi.

Wayoyin iPhone tun daga shekarar 2017 suna ajiye hoto a nau'in HEIC, wanda ba kowane shafi ke karɓa ba. Mai irin wannan waya sai ya fitar da kwafin JPEG kafin ya ɗora.

Tsofaffin hotuna da takardu

A gidaje da dama akwai hotunan takarda a cikin akwati ko jikin bango: na tafiya aikin Hajji, na naɗin sarauta, na 'yan makarantar firamare. Zafi da damina da gara na cin su a hankali.

Idan za a sa hoto mai inci shida da huɗu a sikana, ɗigo 300 a kowane inci zai ba da 1,800 da 1,200, wanda ya isa kallo. Domin ajiya gara a ninka zuwa 600. Ƙaramin hoto irin na fasfo yana buƙatar fiye da haka.

Inda babu sikana, waya ma za ta yi aiki. A shimfiɗa hoton a inuwa mai haske, a kashe fitilar waya, a riƙe ta daidai saman hoton ba a karkace ba.

Ya kamata a ɗauki bayan hoton ma, domin a nan ake samun hatimin gidan hoto, ko kwanan wata, ko sunaye da wani ya rubuta da biro ko da ajami.

Wannan aiki ya yi kama da na masu ɗaukar hoton tsofaffin littattafai. Ɗakin karatu na Birtaniya ya fara wani shiri na ceto takardun da ke cikin haɗari a shekarar 2004, da tallafin asusun Arcadia, kuma a ƙarƙashinsa an ɗauki hotunan takardu a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da kuma ɗakin adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

Tsarin shirin shi ne takardun asali su zauna a ƙasarsu, a ɗauke su a fayil mai cikakken inganci, a bar kwafi a gida, sa'annan a baje wani a intanet.

Haka aka yi da rubuce-rubucen Timbuktu na ƙasar Mali, waɗanda aka baje shafuka sama da 40,000 daga cikinsu a dandalin Google Arts & Culture a shekarar 2022.

Suna da bayani

Kyamara kan ba hoto suna na lambobi wanda ba ya gaya wa kowa komai. Sunan da ke da amfani shi ne mai ɗauke da kwanan wata da wuri da abin da ke ciki, a fara da shekara, sai wata, sai rana, domin fayilolin su jeru da kansu.

A sunan fayil gara a taƙaita, a kuma guji alamomi masu yawa. A bayanin da ke ƙarƙashin hoto kuwa, sai a rubuta Hausa da ƙa'idarta, da haruffa masu lanƙwasa, domin mai nema ya same shi.

Bayani mai kyau yana amsa tambayoyi biyar: me ake gani, su wane ne, a ina, yaushe, kuma wa ya ɗauka.

Rubuta "manomi a Arewa" bai wadatar ba. Idan aka ce ana sussukar gero ne a wani ƙauye na mazaɓar Kadandani, ƙaramar hukumar Makoda, jihar Kano, aka kawo wata da shekara, hoton ya zama abin dogaro.

Sunayen kayan aiki ma abin rubutawa ne: garma, hauya, magirbi, lauje. Akwai yiwuwar jikokin masu amfani da su a yau ba za su san sunayen ba sai daga irin wannan bayani.

Idan taron na addini ne ko na sarauta, yana da kyau a haɗa da kwanan watan Musulunci. A ƙara kuma da gajeren bayanin da manhajar makafi ke karantawa, wanda shafuka da dama ke ba da gurbinsa.

Bayanan da ke ɓoye

Kowane hoton dijital na ɗauke da wasu bayanai a cikinsa, waɗanda ake kira Exif: irin kyamarar, da ranar ɗauka da sa'a, wani lokaci har da ainihin wurin da aka tsaya, idan an kunna ma'aunin wuri a waya.

Wannan na da amfani ga hoton kasuwa ko masallaci ko madatsar ruwa. Amma ga hoton cikin gida, ko na garken shanu, ko na makarantar yara, bayyana ainihin wuri na iya jawo haɗari, musamman ganin matsalar satar shanu da garkuwa da mutane da wasu sassan arewa maso yamma suka yi fama da ita.

Wasu shafukan na cire waɗannan bayanai, wasu kuma, irin su Wikimedia Commons, suna barin su kowa ya gani. Mai hoto ne zai duba, ya cire wurin daga kwafin da zai ɗora idan da buƙata, ya bar shi a na asali.

Ya kamata kuma a tabbata agogon kyamara daidai yake, domin kwanan watan da ba daidai ba ya fi rashinsa illa.

Izini da mutunci

Malaman Musulunci sun yi saɓani game da hukuncin hoton abu mai rai, kuma akwai mutanen da ba sa son a ɗauke su saboda fahimtarsu. Wannan haƙƙinsu ne.

Yardar mutum a ɗauke shi hoto daban take da yardarsa a nuna wa duniya. Dole ne a gaya masa a fili inda hoton zai je, da cewa idan ya shiga intanet dawo da shi na da wuya.

An fi buƙatar kiyayewa game da matan aure a cikin gida, da yara, da almajirai, da marasa lafiya. Yaro ba ya ba da izini da kansa, sai iyayensa ko malaminsa.

A ƙauye kuma al'ada ce baƙo ya fara gaida mai unguwa ko dagaci ya faɗi abin da ya kawo shi kafin ya fito da kyamara.

Ta fuskar doka, Nijeriya ta samu sabuwar dokar kare bayanan jama'a a shekarar 2023, kuma hoton da ake gane mutum a cikinsa na iya shiga cikin bayanan da take karewa.

Haƙƙin mallaka

A bisa ƙa'ida, wanda ya ɗauki hoto shi ke da haƙƙin mallakarsa, ba wanda ke cikin hoton ba, ba kuma wanda aka tura wa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a shekarar 2023, ta ba hoto kariya ta shekaru 50.

Saboda haka samun tsohon hoto a akwatin gida bai isa ya zama izinin sakinsa ga kowa ba, idan wa'adin bai cika ba.

Mai son a yi amfani da aikinsa kyauta na iya zaɓar ɗaya daga cikin lasisin Creative Commons, waɗanda aka fara fitarwa a shekarar 2002. Wikimedia Commons na karɓar waɗanda suka yarda a sake amfani da hoto ne kawai, har ta hanyar kasuwanci, galibi bisa sharaɗin a ambaci sunan mai shi.

Irin wannan lasisi ba a janye shi bayan an bayar, don haka sai an yi tunani kafin a amince.

Wasu na lafta sunansu a tsakiyar hoto domin gudun sata. Wannan na ɓata hoton, kuma Wikimedia Commons ba ya son haka. Ya fi dacewa a rubuta sunan a bayanin hoton da kuma cikin fayil ɗin.

Intanet ba ma'ajiya ba ce

Shafukan intanet na mutuwa, suna kuma sauya sharuɗɗansu. An rufe GeoCities a shekarar 2009. A shekarar 2019 MySpace ya sanar da asarar ɗimbin fayilolin da mutane suka ɗora cikin shekaru masu yawa.

A wannan shekarar ce Flickr ya taƙaita masu asusun kyauta ga hotuna 1,000, a shekarar 2021 kuma Google Photos ya daina ba da wurin ajiya kyauta mara iyaka.

Shawarar da masu adana tarihi ke bayarwa ita ce a riƙe kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri na daban. Waya na faɗawa ruwa ko a sace ta, katin memori kuma zafi da ƙura na kashe shi.

Tare da hotunan sai a ajiye jerin bayanansu, ko da a littafin rubutu ne, a kuma sanar da wani a cikin iyali ko ƙungiya inda suke.

Ga hotunan da ke da darajar tarihi, ana iya tuntuɓar cibiyoyi irin su gidan tarihi na Gidan Makama a Kano, ko Arewa House da ke Kaduna a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, domin jin ko za su karɓi kwafi.

Aikin da ya fi gaggawa dai shi ne na tsofaffin hotunan da ke gidaje. Ana iya sake sa hoto a sikana a kowane lokaci muddin takardar na nan, amma sunayen mutanen da ke ciki suna bakin dattawa ne, kuma su ya kamata a fara tambaya.